Goggo Jidda da Shayinta Mai Zare

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Goggo Jidda da hantsi ya san yatsan nan nata. Ka yi sallama ta amsa, don wannan haƙƙin Allah ne. Daga nan sai ta ɗaga maka manuniya, idonta a kan finjali, leɓɓanta na motsi. Ba ina kwana, ba ina gajiya. Ta tsoma 'yar jakar shayi a ruwan zafi, ta riƙe zaren da yatsu biyu kamar mai kamun kifi, tana karanta Ƙulhuwallahu. Baƙin shayi ƙafa goma sha ɗaya yake ci. Mai na'ana'a ƙafa bakwai. Mai lemon tsami biyar kacal, wai shi ba shi da haƙuri, da ya daɗe sai ya yi fushi ya koma ɗaci. Sai ta kammala ta ciro jakar, sannan ta dube ka ta ce, "To, yanzu na gan ka. An tashi lafiya?"

Wata rana akuya ta faɗa wa waken da ta shanya a tsakar gida. Na kwarma ihu, "Goggo, akuya!" Wallahi yatsan nan ta ɗaga mini. Tana ƙafa ta takwas. Ni na kori akuyar, na dawo ina haki, ta ce, "Rabi, wannan ihun naki ya sa na ɓata lissafi. Yau ban san me zan sha ba."

Yau kwana arba'in da rasuwarta, an ce in faɗi wani abu tunda ni ce 'yar ƙaninta da aure ya ajiye katanga ɗaya da ita. Ga yaran da suka taso suka gan ta a haka, sunanta na yanka Azumi ake kira, ba Jidda ba. Ta bi mijinta aikin hajji tun tana da ƙuruciya, Allah ya karɓi abinsa a can, ita kuma ta zauna a Jidda tana aiki a kicin ɗin wasu Larabawa shekara goma sha tara. 'Ya'ya biyu ta haifa, duk ta binne su a can. Ranar da aka kamo marasa takarda aka maido su gida har da ita, akwatin ƙarfe ɗaya ta sauka da shi a garin nan. Dangi suka taru ana jiran a ga gwal. Ta buɗe. Akwai 'yan warawarai da tire da butoci, amma rabin akwatin kwalayen shayi ne, kala-kala, mai citta, mai kirfa, mai kanumfari, da wasu da har ta mutu ba mu iya faɗin sunansu ba. Babana ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce, "Yaya Azumi, shekara goma sha tara, ganye?"

Ta ce, "Garba, kai da ka zauna a gida me ka tara?"

Tun daga nan duk alhajin da zai tashi daga yankin nan, har Shanono, sai saƙonta ya same shi. Ba ta son atamfa, ba ta son turare. Kwali ɗaya, mai zare, kuma a duba kada a sayo wanda ya kwana a rana.

Kun san igiyarta. Kowa na shanya kaya, ita jakunkunan shayi take shanyawa, a jere a ƙarƙashin rumfa, kowacce da matsayinta. Jaka ɗaya sau uku take aiki. Jiƙon farko na baƙo ne. Na biyu na 'yan gida. Na uku, wanda launinsa bai wuce ruwan wankin shinkafa ba, na wanda ya yi mata laifi ne. Ba ta zagi, ba ta gaba. Ka duba finjalinka kawai, za ka san inda kake a wurinta.

Malam Iro liman, Allah ya ƙara masa lafiya, ga shi can a zaure yana jin mu, ɗan kawunta ne, abokin wasanta tun suna yara. Wata Asabar ya shigo gaishe ta, ta miƙa masa finjali. Ya ɗaga shi sama, yana hango rumfa ta cikinsa.

Ya ce, "Azumi, wannan shayi ne ko ruwan alwala?"

Ta ce, "Huɗubarka ta jiya ce. Na ji ta a lasifika tun daga farko har ƙarshe. Ganye kaɗan, ruwa da yawa."

Malam ya shanye abinsa. Juma'ar da ta zagayo, kafin maza su gama gyara zama an tayar da salla.

To amma ba wannan ne ya sa na yarda in yi magana yau ba.

Kun tuna shekarar da ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai. Ga taki ya gagari talaka, ga mai ya tashi, komai ya bi shi. Kafin rani ya raba, rumbuna sun kai ƙasa. Mijina Habu ya tafi cirani, wata uku ba labari mai daɗi, ni kuma ina goyon Ummi. Akwai ranakun da nake ɗora tukunya da ruwa zalla, don maƙwabta su ga hayaƙi. Ban faɗa wa kowa ba. Ko gidanmu ban je ba, don na san su ma abin da ke nan ke nan.

Ran nan da safe Goggo ta buga katanga da muciya. "Rabi! Zo ki taya ni wani aiki."

Na zagaya. Na tarar da Inna Tabawa, wadda mijinta ya rasu da kaka, da wasu matan unguwa biyu, duk a zaune a tabarma suna kallon juna. Goggo ta jera finjalai huɗu. Ta ce an kawo mata sabon shayi, harshenta ya tsufa, tana son masu ɗanɗana mata su faɗi gaskiya. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta buge mini shi.

"Me kika ci yau?"

Na ce, "Na karya, Goggo."

"Ban tambaye ki kin karya ba. Ni ba na ba mai wofin ciki shayina. Mai yunwa ko ruwan kanwa aka ba shi cewa zai yi da daɗi. Ɓata mini ganye za ku yi."

Ta jawo kwano daga bayan ƙofa, ɗanwake ne da mai da yaji, yana tururi. Ta ce, "Ku wanke harshenku da wannan tukuna. Ba don ku na yi ba, don shayin ne."

Muka ci, ba mai kallon wata. Sannan aka sha shayi, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya kamar alƙali. Me kika ji a gaban harshe? Me ya rage a maƙogwaro? Ƙamshin ya riga ɗanɗanon isowa ko ya biyo baya? A nan na fara sanin cewa mai kirfa yana da zaƙi ko ba sukari, mai citta sai ya wuce yake waiwayowa ya ɗan cije ka, mai na'ana'a kuwa hanci yake fara gaisarwa. Washegari ta sake buga katanga. Jibi ma haka. Yau fate, gobe ɗumame, wata rana gauda. Wata huɗu muna wannan aiki, har sabon gero ya shigo.

Wata safiya ta zuba mana wani abu, muka kurɓa. Ni na ce da daɗi. Sauran biyun suka ce ai wannan ya fi na jiya. Inna Tabawa ta ajiye finjali ta ce, "Azumi, ki ji tsoron Allah. Wannan ruwan zafi ne."

Goggo ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Tabawa ta ƙoshi." Ta juyo kanmu. "Ku uku kuwa da saura." Ta ƙaro mana tuwo.

Ana cikin haka Baba ya ji labarin wai yayarsa na tara mata ana shan shayi kullum. Ya shigo ransa a ɓace, ina zaune. Ya ce, "Yaya, mutane na neman abin da za su jefa a tukunya, ke kina nan kina bikin ganye? Ki ji kunyar idon jama'a mana."

Ta ce, "Garba, ni na goya ka, har fitsari ka yi mini a baya. Matsa daga bakin ƙofa, kana tare mini ƙamshi."

Ya fita yana faɗa. Sai ranar kasuwa ya ga tirenta na Jidda, mai zanen dabino, a shimfiɗe a gaban wani dillali. Ya tambaya, aka ce ai warawaran sun riga tafiya tun watan jiya, butoci biyu ma haka, kuma duk hatsi ake auno mata da su. Baba ya dawo ya zauna a zaure har la'asar. Bai ba ta haƙuri ba, kun san halinsu su biyun. Amma daga ranar, kullum da sassafe za ka ga ƙullin gawayi a bakin ƙofarta. Ita ma ba ta taɓa tambayar wa ke kawowa ba. Abin da ta ce kawai, "Mai kawo gawayin nan bai iya zaɓe ba, rabi duk gari ne."

Saura guda ɗaya, kuma Yaya Sani, kai nake so ka saurara.

Da ciwonta ya yi nauyi a bazarar nan, Yaya Sani, wanda ke awon hatsi a Dawanau, ya rasa abin da zai kawo mata. Abinci ba ya shiga. Sai ya ga wani shayi na kwalba a kanti a Kano, mai sanyi, da hoton wani ɗan itace kamar mangwaro a jiki. Ya sayi biyu, ya sa a kula da ƙanƙara, ya ɗaure a bayan babur ya taho da su cikin ranar nan. Ya durƙusa a gaban gadonta yana murna.

"Goggo, ga wanda ba ki taɓa sha ba."

Ta taɓa kwalbar ta janye hannu. "Mene ne wannan?"

"Shayi ne."

"Shayin wa? Ina mai shi ya tafi har ya bari ya huce haka?"

"A'a Goggo, haka ake yin sa. Da sanyinsa ake sha."

"La'ilaha illallahu! Sun rasa wuta ne a Kanon? Rabi, hura gawayi."

Haka na juye kwalba guda a buta na tafasa. Ɗakin ya cika da wani wari kamar an ƙona alewa. Ta kurɓa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta ce, "Sani, Allah ya yi maka albarka, amma an cuce ka." Ya yi dariya tare da mu, amma na ga fuskarsa lokacin da yake tayar da babur. Wannan ne ganinsa da ita na ƙarshe.

Bayan azahar zafi ya tsananta. Ko ruwan randa ba ta iya haɗiyewa, ga jikinta kamar garwashi. Na ɗauko ɗaya kwalbar daga kula don in ɗora mata a wuya ta ji sanyi. Ta dubi kwalbar. Can ta ce, "Buɗe in ji warin." Na buɗe. Ta shinshina. "Ɗiga mini a leɓe." Na ɗiga. Ta lumshe ido ta daɗe, har na tsorata na kira sunanta.

Ta ce, "Rabi, saki labule."

Na saki. Ta sha, a hankali, kurɓi-kurɓi, har rabin kwalba. Kwana uku ke nan ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai wannan. Ta ce, "Akwai shayi a ƙasansa, ɓoye shi suka yi. Ɗan itacen ne ke fara zuwa, shi kuma ya biyo a baya kamar mai jin kunya." Sai ta kama hannuna. "In kika faɗa wa Sani ban yafe ba. Kansa zai kumbura."

Na ce, "Goggo, yaron nan ya tafi da ciwo a ransa."

Ta yi tunani. Ta ce, "To, bayan arba'in. Lokacin ba zai iya zuwa ya yi mini dariya ba."

Ragowar rabin ta shanye washegari da hantsi, ko da yake sanyin ya riga ya fita, kuma shi ne abu na ƙarshe da ta sha a duniya. Yaya Sani, yau arba'in ta cika, na sauke. Ba a cuce ka ba. Ka daina sunkuyar da kai.

Ya Allah, baiwarka Azumi ta zo gare ka. Ta yi baƙunci a ƙasar mutane, ta binne miji da 'ya'ya ita kaɗai, ta dawo ba ta ɗaga wa kowa murya da kuka ba. Ta ciyar da mu a lokacin da muke jin kunyar cewa muna jin yunwa, kuma ba ta bari mun yi mata godiya ba. Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mana. Ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da 'ya'yanta, ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amin. A shafa Fatiha.