Sallamar da Malam Ya Bari a Kwamfuta ta Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata, 4 ga watan Fabrairu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah Ya karɓi ran Malam Gwada-Tukuna, mai kula da ɗakin kwamfuta na cibiyarmu ta makafi. Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makomarmu. Ya kwana uku a asibiti da ciwon ƙirji. Ba na wurin lokacin da ya cika. Mama, maiɗakinsa, ita ta faɗa mini lokacin, na kuma sake tambayarta kafin in rubuta, domin ba ya son a ƙara ko a rage.

Wata biyar da kwana tara na yi a ƙarƙashinsa. Akwai waɗanda suka san shi shekara talatin, su suka fi ni cancantar wannan rubutu. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Na ji ana cewa ya raya kwamfuta ashirin. Goma sha ɗaya ne. Dukansu tsofaffi, kyautar wani ofis da ya gama da su, kuma waɗanda suka ƙera su sun daɗe da cewa sabuwar babbar manhaja ba za ta hau kansu ba. Shi kuwa Malam hawar da ita yake yi. Dabararsa tana cikin butloda, wata ƙaramar manhaja da ke fara tashi idan an danna makunni, ta shirya hanya, sannan ta miƙa wa babbar manhajar ragama. Bai taɓa kiran ta butloda a gaban ɗalibai ba. Ɗan jagora yake cewa, su kuma ba sa buƙatar ƙarin bayani.

A cikin ɗan jagoran kowace kwamfuta ya sa muryarsa. Mai ido yana kallon allo ya san na'ura ta tashi, ɗalibanmu kuwa kunne suke sa. Don haka idan aka kunna, kafin komai, sai sifika ta ce, "Salamu alaikum. Na tashi." Mama ta ce a cikin durowar kayanta ya naɗi muryar, ya cusa kansa tsakanin zannuwa saboda kada ɗakin ya yi amo, ita kuma tana bakin gado tana tambayarsa ko aljanun durowa yake gaisarwa. Sau tara ya sake saboda dariyarta. Ɗalibai sun saba amsa sallamar. Ni ma da farko abin ya ba ni dariya, daga baya na kama kaina ina amsawa.

Malam, ka yafe mini, zan faɗi abin da ka rufa mini asiri a kai.

A makona na biyu, ba ka nan, na ga saƙon sabuntawa a kwamfuta ta huɗu. A jami'a sababbin na'urori muka taɓa, a can idan saƙo ya zo dannawa ake yi. Na danna. Babbar manhajar ta sabuntu, kwamfutar ta kashe kanta don ta sake tashi, ba ta tashi ba. Allo baƙi, sifika shiru. Tsoro ya hana ni faɗa wa kowa, na koma teburina ina ta bincike a waya. Baba Mai Agogo, dattijon da ya yi gyaran agogo kafin idonsa ya tafi, ya shigo ya zauna a wurinsa, gaban kwamfuta ta huɗun, ya danna makunni, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana jiran sallama. Minti arba'in ya yi. Bai kira ni ba, don a zatonsa aiki ya yi mini yawa.

Da ka shigo, kallo ɗaya ka yi. Ka laluba ƙarƙashin teburin ka ɓanɓaro filas, ɗan ma'ajin bayanai da ake soka wa kwamfuta, da aka manne da salatif, ka soka, ka kunna, sallama ta fito. A ranar na san kowace kwamfuta tana da nata filas a ƙarƙashi, ɗauke da ɗan jagoran da ya yi aiki na ƙarshe. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce na shigo da baƙo gida alhali ɗan jagora bai san shi ba, ka kuma jera mini tsarin: a fara adana tsohon ɗan jagora, a sa sabon a filas a gwada, idan ya tashi da murya a rubuta shi a ciki, sai a ƙarshe a taɓa babbar manhaja. Da na fara ba ka haƙuri sai ka nuna mini dattijon.

"Ba ni kika bari a zaune ba, 'Yar Digiri. A ɗakin nan baƙin allo ba komai ba ne. Shiru ne laifi."

Baba Mai Agogo ya ce ya yafe, amma a rubuta cewa minti arba'in da biyu ne, shi ba ya kuskuren lokaci. Na ce arba'in a sama saboda abin da agogon bango ya nuna mini ke nan. Har yau ba mu daidaita ba.

Kai ba ka da digiri, kuma ba ka yarda a ce maka injiniya. Amma kana da littafi mai bangon kore, kowace kwamfuta da shafukanta, kowane gwaji da kwanan watansa, har waɗanda ba su yi ba. Idan na zo maka da tabbacin cewa abu zai yi, amsarka ɗaya ce, gwada tukuna, ita ce ta zama sunanka. Da na ce maka ina jin tsoron taɓa na'urorin bayan abin da ya faru, ka ce tsoron da ke sa mutum ya duba sau biyu ba ciwo ba ne, kada in nemi maganinsa.

A watan Janairu ka fara sabunta ɗakin gaba ɗaya. Ka gama goma. Saura ta goma sha ɗaya, wadda muke kira Tsohuwa. Ita ce ta Anti Mai Fassara, domin ita kaɗai ke da tsohuwar kafar da na'urarta ta rubutun makafi ke shiga. Masu ba Anti aikin fassara sun sanar cewa daga 1 ga Maris shafinsu ba zai buɗu a tsohuwar manhaja ba. Da aikin nan take riƙe kanta da mahaifiyarta. Ka ce mata ta kwantar da hankali, ba za a kai Maris ba.

Rubutunka na ƙarshe a littafin ranar Juma'a ne, 31 ga Janairu: "Ta 11. Sabon ɗan jagora ya tashi daga filas. Allo ya zo, murya ba ta zo ba. Kada a taɓa na ciki. Lambar sauti ce. Na gwada 1 zuwa 6." Washegari aka kai ka asibiti.

Mun buɗe ɗakin ranar Litinin, 10 ga Fabrairu. Ban yi tunanin muryar ba, laifina ne. Ɗalibai suka zauna, suka danna makunnai kusan tare, sallamarka ta tashi daga kowane lungu. Ba wanda ya amsa. Wata ɗaliba ta fita tana laluben bango, ta bar sandarta. Da rana shugaban cibiya ya ce ko a musanya muryar da ƙararrawa, don a sauƙaƙa wa mutane. Baba Mai Agogo ya ce a bar ta, mutum ya yi musu sallama kowace safiya shekara bakwai, ba za su rufe masa ƙofa ba don ya rasu. Washegari shi ya fara amsawa, sauran suka bi.

Tsohuwa kuwa ta rage a wuyana. Akwai hanya mai sauƙi, kuma na so in bi ta: in rubuta sabon ɗan jagoran haka nan ba murya, in sabunta, ni kuma in riƙa kunna wa Anti kowace safiya ina faɗa mata ta tashi. Na faɗa mata. Ta ce ba komai 'yata, yadda ya fi miki sauƙi. Amma ta faɗa ne tana shafa bakin tebur da yatsa, kuma na tuna ita ce ke fara zuwa kullum, tun kafin in iso, da makullinta.

Na ci gaba daga bakwai, ina neman lambar da za ta haɗa ɗan jagora da sifika. Gwaji ɗaya yana cin minti shida: a canza lamba, a adana a filas, a kashe, a kunna, a saurara. Ba na samun yi sai an tashi daga darasi. Anti tana zama gefena da kunnenta kusa da sifika, ta ce ido nawa, kunne nata. A ta goma sha tara ta ji wani ɗan ƙas da ni ban ji ba, muka yi murna, ta ashirin ta koma shiru. Ranar Alhamis na yi kuka a kan littafinka, tawada ta ɗan baje a shafi na sittin da biyu. Na yi ta tunanin ko ba lambar ba ce, ko ka yi kuskure. Sai na duba shafukan baya, ban ga inda ka taɓa rubuta abin da ba ka tabbatar ba.

Ranar Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe uku da kwata na yamma, lamba ta ashirin da takwas. Na danna makunni, na rufe ido.

"Salamu alaikum. Na tashi."

Anti ta amsa sallamar cikakkiya, har da wa barakatuhu. Sannan ta ce, "Ka makara, Malam. Amma ka ce ba za a kai Maris ba." Ta cire tabaranta ta ajiye a tebur.

Na bi tsarinka ban tsallake ko ɗaya ba. Tsohon ɗan jagora yana filas, filas yana manne a ƙarƙashin tebur. Babbar manhaja ta hau ranar Talata, shafin aikin Anti ya buɗu, na'urarta tana karantawa. Na rubuta 28 a ƙarƙashin 6 ɗinka. Rubutuna bai kai naka kyau ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda ba ka bar kowa zaune cikin shiru ba, Allah kada Ya bar ka cikin kaɗaici, Ya haskaka kabarinka, Ya sa mala'ikun rahama su tarbe ka da sallama. Ya sanya kowace safiya da aka kunna na'urorin nan a mizaninka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa huɗu, da ƙanwarsa da ta yi jinyarsa, da ɗalibansa na da da na yanzu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Mama, kin tambaye ni ko za ki iya zuwa ki ji muryarsa. Muna buɗewa ƙarfe takwas. Anti ta ce ki zauna a kujerarta, ke za ki danna.