Littattafan Malam Sani Na Cikin Randa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni: Malam Sani na Tsafe, malaminmu na sakandare, ya rasu jiya, har an kai shi.

Ina tashar mota a Gusau yanzu, na kasa zama wuri guda.

Shi ya fara sa mini biro a aljihu, ya ce in daina aro.

Ya yi karatu a Indiya yana saurayi, ya dawo da wani tsohon littafin falsafar Hindu na harshen Sanskrit, mai cewa asalin komai abu guda ne. Tun da ya yi ritaya yake fassara shi zuwa Hausa. Sharhohin malaman zamani kuwa sun sha jan biro a gefe: "Kai, wanga bai gane ba!"

Na taɓa tsokanarsa: "Malam, kai da ke sahun gaba a masallaci?"

Ya ce, "Sanin abin da maƙwabci ya faɗi ba bin shi ba ne."

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Bungudu ce, wurin ɗaurin aure. Ya riƙe mini hannu: "Kabiru, ka zo ka buga mini fassarar nan a kwamfuta, idona ya fara gajiya." Na ce sati mai zuwa. Wata biyar ke nan. Wallahi kunya nake ji.

Ɗazu matarsa, Hajiya, ta kira ni. 'Yan'uwansa sun buɗe akwatin littattafansa, sun ga rubutun Sanskrit rataye jikin layi kamar shanya, sun ce surkulle ne. Bayan la'asar za a ƙone duka, wai don a sauƙaƙa masa kwanciya. Haba jama'a! Mutumin da ko laya bai taɓa ɗaurawa ba?

Hajiya ta kwashe na fassarar ta zuba cikin tsohuwar randa, ta kife faifai.

Na ce, "Hajiya, kin san abin da ke ciki?"

Ta ce, "Ban sani ba, ɗana. Hannunshi dai na sani. Ka yi sauri kafin su gano."

Saura mutum biyu mota ta cika, na biya kujerun.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini jinkirina. Don Allah ku sa shi a addu'a, ku roƙa mini in riga la'asar isa Tsafe.