Kan da Ke Hannun Goggo

Ku matso in ba ku labarin Goggo mai kitso, wadda ban ga mai irin hankalinta ba.

Shagonta a bayan tasha yake, ɗaki ɗaya, da madubi mai tsaga a gefe, da benci, da 'yar kujerar da ƙugun mata suka goge har tana sheƙi. Tun tana budurwa take kitso. Da shi ta binne miji, da shi ta raini 'ya'ya huɗu, har yatsunta biyu suka tanƙware. Kan amarya da na mai takaba duk sun kwanta a cinyarta, kuma abin da aka faɗa a nan ba ya tsallake ƙofa.

Tana da ƙawa tun ƙuruciya, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Goggo na ce mata Doguwa, ita kuma tana ce mata Gajera, shekara arba'in ba a taɓa jin kansu ba.

Wata Talata da hantsi muna benci muna jiran layi, sai ga Doguwa da jaka cike da man shafawa da sabulu. Ta zuba kuɗin sallamarta a wani kamfani, kwalaye sun cika mata ɗaki, kuma dole ta kawo wa kamfanin sababbin mutane kafin wata ya mutu.

"Gajera, arziki na kawo miki har gida. Ki sayi kwali ɗaya, ki shigar da mata uku, kowacce ta kawo uku. Ke da mata ke wuni a gabanki? Kina kitso kina yi musu bayani, shi ke nan."

In Goggo ta ƙi, ta kunyata ƙawarta a gabanmu. In ta yarda, mu ne kayan miyar.

Goggo ta ɗaga ɗankwalin Doguwa ta leƙa. "Wannan kan kamar sheƙar ungulu za ki kai wa masu arziki? Zauna."

Ta ba mu haƙuri, ta ɗauki kibiya ta tsefe kan tas. Ta yi tsaga, ta shafa mai, ta kama kitso. Doguwa na ta lissafa motocin da manyan kamfanin suka samu. Sai da aka kai rabi, gefe ɗaya a kitse, ɗaya a tsaye kamar an tsorata shi, sannan Goggo ta dakata, gashin na naɗe a yatsunta.

"Doguwa, ba ni aron zobenki."

"Na hannuna? Na mahaifiyata ne fa."

"Na sani. Ba ni."

Doguwa ta dubi madubi, ta dubi titi cike da mutane. Ta yi 'yar dariya, ta soma murza zoben.

Goggo ta dafa hannunta. "Bar shi. Kin ga? Wadda kanta ke hannuna ba ta iya ce mini a'a. Shi ya sa ban taɓa roƙon kowa komai a kan kujerar nan ba, ko allura. Kin tuna da ni a alheri, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ba zan iya ba, 'yar'uwa."



Ta ci gaba da kitso. Can Doguwa ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanwata na shigar, da matar ɗana. Yarinyar ko ɗago kai ba ta yi ba, to kawai ta ce."

"Da me za ta ce wa uwar miji?"

Da aka gama, Goggo ta goge hannu, ta yafa mayafi, ta dube mu. "Ku dawo gobe, 'yan'uwa, za mu je wajen yarinyar nan a sauke mata wannan nauyi." Ta saɓa jakar a kafaɗarta.

"Gajera, ta yi miki nauyi."

"Wuce gaba, ke kika san hanya."