Kunnen Yaya Mainasara

Shekara shida ke nan da muka kai wana Mainasara makwancinsa a Gummi. A wannan makon na tura tsohon babur ɗina zuwa gindin darbejiyar da yake aiki, na tarar mai sayar da katin waya ya kafa tebur a wurin. Bai ma san an taɓa yin gareji a nan ba.

Yaya Mainasara bakanike ne, ni kuwa malamin asibiti ne mai zagaya ƙauyuka. Kusan duk Juma'a bayan masallaci nakan kai masa babur. Ba ya fara taɓa shi. Sai ya ce in buga kiki in tayar da inji, ya durƙusa, ya karkata kai kusa da kafireto, wato inda mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Idan mai ya yi yawa, salansa ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Idan iska ce ta rinjaya, inji ya ɗau zafi ya riƙa tari. Da ɗan sukurun nan guda yake sasanta su, yana murzawa kaɗan-kaɗan, har ƙarar ta kwanta. Sannan ya miƙe ya ce, "Tafi, Sahabi."

A shekarar da gubar dalma ta kwantar da yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, na ɗauko magani zan kai Tungar Guru, kwana ɗaya bayan ya saita mini babur. Ban yi nisa da barin kwalta ba inji ya ɗau zafi, ya yi tari, ya mutu. Na kwance fulogi na gan shi fari fat, alamar iska ta rinjayi mai. Haka na tura babur cikin rairayi da rana tsaka, akwatin magani a baya, ina tunanin iyayen da suke zaune suna jirana. Sai washegari maganin ya isa.

Da na dawo garejin Yaya ban yi masa sallama ba. A gaban abokan cinikinsa na ce idan ya gaji da aiki ya faɗa, kada ya riƙa wasa da rayukan mutane. Ya dai tsura wa bakina ido. Na ɗauka raini ne. Na koma wurin wani bakanike, na yi wata huɗu ban taka garejinsa ba.

Inna ce ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Sahabi, kai da ka san aikin asibiti, ba ka lura wanka ba shi ji ba? Tun zazzaɓin damana kunnuwan suka toshe. Ɓoyewa yakai, kar mutane su guje mai."

Nan na gane dalilin kallon bakina da ya yi. Ranar Juma'a na kai masa babur. Na so in ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya nuna kiki. Ya durƙusa kamar da, ya ɗora tafinsa a kan tanki, ya ce, "Kai za ka ji muna. In ƙarar ta tashi ɗaga yatsa, in ta sauka ka sauke." Haka muka yi ta yi har shekara biyu, shi da sukudireba, ni da yatsa. Ban taɓa samun damar faɗin haƙurin nan da baki ba, don ko na faɗa ba zai ji ba, shi kuma bai taɓa barina in rubuta ba. Ciwon ciki na kwana uku ya ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Sababbin babura sun cika kasuwa, kafireto ya ɗan yi gardama sai a cire a jefar a sa wani. Wannan zai ba shi haushi, amma ba shi ne zai fi damunsa ba. A zamaninsa idan aka ji ƙarar babur daga nesa a Adabka ko Nasarawa Burkullu, fitowa ake yi a ga wa ya zo. Yanzu, saboda 'yan bindiga masu zuwa a kan babura, mata kan kwashe 'ya'yansu su shige gida, maza su tsaya cirko-cirko har sai sun ga fuska. Ni kaina sai na kashe inji tun daga bakin gari in turo shi da hannu, don kada in firgita waɗanda na zo dubawa. Wani lokaci nakan ce gara da bai ji wannan ba.

Bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba. Inna ma ta bi shi bara. Abin da ya rage shi ne ni na iya aikin yanzu, ba tare da na shirya koya ba. Duk Juma'a nakan durƙusa a tsakar gida in murza sukurun da kaina, kuma yakan daidaita. Sai dai matata ta ce har yau, idan ƙarar ta tashi, tana ganina ina ɗaga yatsa.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe mini abin da na faɗa maka a gaban mutane.