Kwanukan da Suka Tsaya a Ƙofa

Maganar da ake yi a gari cewa Maman Laraba ta kori matan da suka zo mata gaisuwar mutuwa ba gaskiya ba ce. Ku sababbin ma'aikata na san kun ji ta, don ko mako biyu ba a yi ba da na ji ɗaya daga cikinku tana maimaitawa a ɗakin allura, har da ƙarin cewa Turawa ba su san mutunci ba. Matar nan ba ta kori kowa ba. Ba ta ma san an zo ba. Ni na tsaya a ƙofa, ni na mayar da su, kuma ranar Talatar nan ba ta bar raina ba har yau.

Bari in faɗi yadda wurin yake a lokacin, don wanda bai sani ba. Asibitin nan na mishan ne, shi kaɗai ne tsakaninmu da Babban Mutum. Likita da matarsa mutanen Holan ne, cocinsu ya aiko su, suka yi shekara tara a nan. Sunansa ya gagari bakin mutanenmu, sai aka bar shi a Likita. Ita kuwa da ta haihu ranar Laraba, Iya Tabawa ungozoma ta ce ai jaririya ta zo da sunanta. Yarinya ta zama Laraba, uwa ta zama Maman Laraba, har a katin rigakafi haka na gani a rubuce.

Ni na shigo bayan na gama sakandare, aka ba ni aikin kati. Mai kati ita ce ke zama a tebur bakin ƙofa, ta rubuta suna da gari a rajista, ta ba da lamba, ta tsara layi, in Hausar Likita ta ƙare a kira ta ta yi tafinta. Sama da ni akwai Sista mai awon ciki, sama da ita Likita. A takarda Baba Ilu maigadi yana ƙasa da ni, amma ya girmi mahaifina. Da zan fara, Babanmu sharaɗi ɗaya ya kafa min: in yi aikina, in yi sallata a kan lokaci. Ba wanda ya taɓa hana ni.

Kullum bakwai da rabi Likita da matarsa suna taruwa a baranda su da ma'aikata Kirista, su yi waƙa ɗaya da Hausa, Likita ya karanta littafinsu, su yi addu'a. Ni ina gefe ina jera kati. Ba su taɓa ce min zo ba, ni ma ban taɓa ce musu ku rage murya ba. Ranar Juma'a sha biyu muke tashi. Lahadi suna ƙaramin cocinsu tare da malaman makaranta da 'yan kasuwa baƙi.

Maman Laraba da safe tana koya wa 'yarta karatu a gida, ta leƙo ta duba firijin rigakafi, da la'asar ta ɗaura zani ta yafa mayafi ta shiga gidaje awon yara. Ƙarshen wata ta zauna ta rubuta wasiƙa zuwa ga masu tallafa musu a ƙasarsu. Ba sunan da ake yi ba ta je ba. Ba kuma mutuwar da ake yi ba ta je ta zauna a tabarma ba, ta ce ya haƙuri, ta yi shiru kamar kowa. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na sani sarai na kuma yi kamar ban sani ba.

Laraba shekararta shida. Hausarta irin tamu ce tsaf, har gyara wa ubanta take yi a gaban marasa lafiya. Ni take kira Anti Sa'a mai faɗa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

A watan Agusta ne, gero ya fara fitar da kai. Zazzaɓi ya kama ta ranar Asabar, Likita ya fara mata magani, Lahadi har ta fito ta zauna a teburina tana buga min hatimi a kan kati ba inda ya kamata ba, na kore ta. Litinin da safe ta fara jijjiga. Suka sa ta a mota za su Katsina. Ba su wuce Daura ba suka juyo. Yaran da Likita ya ceto daga irin wannan zazzaɓin a gabana ba su ƙirguwa, amma tasa ta tafi.

Talata da safe aka binne ta a maƙabartar Kirista da ke bayan gari. Waɗanda suka tsaya a bakin kabari ba su fi goma ba. Ba ƙiyayya ba ce. Matanmu ba sa zuwa maƙabarta, mazanmu kuma ba su san inda za su tsaya a jana'izar coci ba. Kowa yana jira a dawo gida a je gaisuwa, kamar yadda ake yi.

Da suka dawo, Likita ya shigar da matarsa, ya fito ya same ni a tebur. Idonsa ya kumbura. Ya ce, "Sa'a, kwana uku kada kowa ya wuce zuwa gida. Tana bukatar hutu. Sista za ta ga marasa lafiya. Kada a buga min ƙofa sai gaggawa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Gaggawa a wurinmu tana da ma'ana, a rubuce take a bango: zubar jini, naƙuda mai wuya, jijjiga, saran maciji. Gaisuwa ba ta ciki. Gidansu kuma yana can baya, bayan katanga da bishiyoyin darbejiya, wanda ke ciki ba ya jin abin da ake yi a ƙofa.

Yana juyawa Baba Ilu ya matso, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "'Yata, ba a rufe wa makoki ƙofa. Ki bi shi ki gaya masa. Al'adar garinsu ce ta taso masa."

Na ce, "Baba, ka ji da kunnenka. Ni aka ba umarni."

Ya ce, "An ba ki umarni, amma ke kika san gari."

Na ce masa in yana da magana ya je ya buga ƙofar da kansa. Na san ba zai iya ba. Ya koma bencinsa.

Bayan azahar suka fara zuwa. Iya Tabawa ce a gaba, da sandarta, bayanta mata wajen ashirin, wasu da goyo, da yawa ɗauke da kwanuka a rufe. Tuwo, dambu, fura, wata ma har da kaza. Mazan suka tsaya a inuwa suna jiran Likita ya fito.

Na tashi na tare hanya. Na ce, "Iya, an ce ba shiga."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke 'yar Malam Isuhu, matsa. Ni na yanke miki cibiya, ba kati na zo yanka ba."

Na ce, "Ba ni na ce ba. Daga ciki aka ce ba a son kowa."

Ku lura da abin da na faɗa. Likita ya ce tana bukatar hutu. Ni na ce ba a son kowa, don na fi son magana gajera mai kashe gardama.

Iya ta ce, "Ita Maman Laraba ce ta ce ba ta son mu?"

Da na ce a'a, mijinta ne, da Iya ta ture ni ta wuce, ta yi masa faɗa irin na uwa, da shi ke nan. Ban ce ba. Na ce, "Iya, kuna tare wa marasa lafiya hanya."

Sai ta ajiye kwanonta a kan teburina, a kan rajista. Ta ce, "Yarinyar nan a hannuna ta fara kuka. A ce mata Tabawa ta zo." Sauran ma suka ajiye nasu, suka juya. Ba wadda ta ɗaga murya, kuma hakan ya fi min zagi ciwo.

Washegari wasu suka zo daga ƙauyukan gefe, har da matan Fulani da ƙwaryar nono, na mayar da su. Ranar Alhamis mutum uku kawai suka zo. Labari ya riga ya zaga. Abincin na raba wa masu jinya, na wanke kwanukan, goma sha ɗaya, na jera su a sito bayan kwalayen bandeji. Saƙon Iya ban kai ba, tunda ba gaggawa ba ne. In kun buɗe rajistar ranakun ukun nan ba za ku ga sunan ko ɗayansu ba.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Shekara uku ina faɗa da masu tsallake layi, kowa yana cewa shi ɗan wane ne, ƙofar nan ita kaɗai ce wurin da maganata take yanka. Sannan a raina na yanke cewa su Kirista ne, Turawa kuma, ƙila ba sa son irin namu. Ban tambaya ba. Matar da na gani da idona a zaman makokin kakata.

Kwana tara da rasuwar aka ce Maman Laraba za ta koma ƙasarsu ta huta. Aka kira ni in taya ta fito da kaya. Ranar na fara shiga gidan tun da abin ya faru.

Tabarmi huɗu ne a shimfiɗe a barandarta. Ga randa da kofuna a gefe, ga buta. Ƙura da ganyen darbejiya sun hau kansu. Ta ga ina kallo. Ta rame, mayafin yana zame mata tana mayarwa.

Ta ce, "Tun Talatar da aka binne ta na shimfiɗa. Na ce kada su zo su rasa wurin zama."



Ta ce, "Na je gidan kowa, Sa'a. Ko Iya ba ta zo ba. Don Laraba ba Musulma ba ce?"

Likita yana waje yana ɗaure akwati a mota, bai ji ba. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, ranar ya mutu. Na gaya wa kaina in na faɗa zan haɗa ta da mijinta a ranar da ba ta da kowa sai shi. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Tsoro ne ya fi yawa. Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Mama." Ta ce amin. Ta naɗe tabarmin da kanta, ta ce in kai ɗakin awo, mata su riƙa zama. Su ne kuke zama a kai in kuna cin abinci.

Ba ta dawo ba. Likita ya yi wata biyu yana miƙa aiki ga wanda hedikwatarsu ta turo, shi ma ya bi ta. Bai taɓa tambayata ko an zo ba, ni ma ban ɗaga maganar ba. Ina jin har yau yana ganin ya kyauta mata.

A gari kuwa kun ga abin da ya biyo baya. Iya ta daina turo mana naƙuda mai wuya, sai ta sa a ɗauki mace a babur zuwa Baure. Layin awo da yake kaiwa bakin titi yanzu benci biyu ne. Baba Ilu bai tona ni ba. Gaisuwa kawai muke yi, ita ma a taƙaice.

Abin da zan gaya muku game da aikin nan kaɗan ne. Wanda ya ba ku umarni yana iya fin ku ilimi da muƙami, ya kuma zama baƙo a garinku ko da ya shekara tara. Ba don rubutu kawai aka ajiye ɗan gari a ƙofa ba. In umarni ya ci karo da abin da kuka sani, ku koma ku faɗa, ko da za a yi muku tsawa. Kuma in za ku isar da maganar wani, ku isar da ita yadda ya faɗa, ku faɗi wanda ya faɗa.

Makon jiya saƙon murya ya shigo wayata daga Maman Laraba. Hausarta ta fara tsatsa. Ta ce damina ta zagayo, ta san ciyawa ta rufe kabarin, ko zan nemi wanda zai nome, "in akwai wanda zai yarda." Na je wurin Baba Ilu da maganar. Ya ce ba sai an nemi kowa ba, tun bara duk ranar kasuwa yana biyawa ya share, ya kuma sa ƙaya saboda awaki.

Jiya na fito da kwanukan daga sito na sake wanke su. Na san mai kowanne, don sunayensu na jikin murfi da jan fenti. Ranar Juma'a in mun tashi zan fara da gidan Iya Tabawa. Zan durƙusa in ba ta kwanonta, in gaya mata wanda ya rufe ƙofa da wadda ta shimfiɗa tabarma. In za ta zage ni ta zage ni, ta isa. In ta gama zan kunna ɗaukar murya a waya in roƙe ta ta yi gaisuwar da ta zo yi, da bakinta, kamar Maman Laraba tana zaune a gabanta. Haka zan bi gidajen goma sha ɗaya. Sannan in tura mata duka, na farko a ciki nawa ne, inda zan ba ta amsar tambayar da ta yi min a baranda.