Randar Inna ta Ƙarshe

Ƙanena ya dawo Kebbe daga jami'a da digirin sassaƙa da wata al'umma a cikin kansa. Mutane ne, in ji shi, da suka zauna a bakin wani tafki kafin kakannin kakanninmu, tafkin ya ƙafe, suka watse. Ba a taɓa yin su ba, shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma yana so ya ƙera kayan da suka bari a kai baje koli a birni. Ni da nake koyarwa a Tambuwal na ce to, karatu ya yi albarka.

Mutum-mutumi dai bai isa ya yi a gidanmu ba. Sai ya koma ga tukwane, ya roƙi Inna ta gina masa randa.

Inna ta yi shekaru tana gini kafin roba ta kashe kasuwar, ga hannunta ya fara rawa. Duk mun san in ta gina wannan ba za ta sake wata ba. Ta ɗauki mutanen nan da gaske fiye da mai su.

"Mi sunka ci?" ta tambaye shi. "Gero ko dawa? In tafkin na da nisa, a matse bakin, kar ruwa shi zube."

Kwana tara ta yi a kanta. Da aka fito da ita daga wuta ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta saurara, ta gyaɗa kai. Sai a lokacin ya gaya mata cewa fasa ta zai yi, ya binne tsingaron a fadama har damina ta wuce, don ya yi kama da tsohon abu.

Na zaci za ta kore shi da tabarya. Sai ta tsaya tana kallon randar.

"Kai ba ka san yadda randa ka mutuwa ba," ta ce. "Miƙo man dutsin ga."

Sau ɗaya ta buga, a gindi, inda randar gida take fara tsagewa. Ta shiga ɗaki, ba ta tsaya kallon kwasa ba.

Bayan shekara ya aiko mini hoto a waya. Ga tsingaron cikin akwatin gilashi, da fitila a kansa, da ɗan rubutu a ƙasa. Na kai wa Inna, ta ce in karanta mata. Na karanta sunan al'ummar, na zo layi na biyu na tsaya, don haushi ya kama ni.

"Ƙarasa mana," ta ce.

"An rubuta wai ba a san wanda ya gina ba."

Ta karɓi wayar, ta kawo ta kusa da ido.

"Ce mishi wuyan a kife shike," ta ce. "Ba haka na gina ta ba."