Gawon da Ya Tsaya Tsakanin Gwarzo da Kabo

Ni na auna hanyar, ni na sa hannu a takarda, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ina aiki ne da wani Alhaji mai ƙaramin kamfanin intanet, aikina kuwa ɗaura faranti a kan ƙarfen sabis. Faranti ɗaya a Gwarzo, ɗaya a Kabo, suna kallon juna. Muddin babu abin da ya gitta tsakaninsu, saƙo zai wuce ta iska kamar an ja waya. Alhaji ya daɗe yana zarya kafin hukumar sadarwa ta ba mu lasisi, kuma a jikinsa an rubuta mitar da za mu yi aiki a kai da iyakar ƙarfin da na'ura za ta fitar. Wanda ya ƙetare wannan iyaka, ana iya ƙwace lasisinsa.

Da gangan na yi awon a tsakiyar damina. A makaranta an koya mana cewa a auna hanya lokacin da itatuwa suka cika da ganye, don in ta yi kyau a lokacin, to rani ba abin tsoro ba ne. Na hau ƙarfen Kabo da madubin hangen nesa, na ga sarari fes, in ban da wani busasshen itace a kan tudu ta wajen Gammo. Na ce wannan ai ya mutu, gara ma ta kusa kayar da shi. Muka ɗaura, sigina ta zo tangaran, har na riƙa yi wa abokan aiki iya yi.

Bayan kaka sai sigina ta fara sauka, kullum kaɗan kaɗan. Na canja waya, na sake saita faranti, na zargi tsuntsaye, har da maƙerin da ya yi mana maɗauri. Masu shagunan kwamfuta a Kabo suka dame mu da kira. Wata ranar Litinin da raina ya ɓaci, na buɗe kwamfuta na ƙara wa na'urar ƙarfi fiye da abin da lasisi ya yarda. Na san haramun ne a aikinmu, amma na ce wa kaina na kwana biyu ne. Kwana biyun nan sai da ya zama mako biyu, har siginarmu ta shiga hanyar ta wasu masu faranti a yankin, suka kai ƙara. Takarda ta zo cewa ranar Alhamis jami'an hukuma za su zo dubawa.

Alhaji bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ya ce kawai, "Injiniya, in aka karɓe lasisin nan, ni da kai duk mun tashi aiki."

Na mayar da ƙarfin daidai, nan take Kabo ta ɗauke. Gaba kura, baya siyaki: in na bar shi a sama a kama mu, in na sauke jami'ai su tarar da layin da ba ya aiki. Ranar Laraba da safe na sake hawa ƙarfen Kabo da madubi. Mataccen itacen nan nawa ya yi ganye shar, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar hanyata.

Na hau babur na nemi gonar. Mai ita wani dattijo ne, daga gani asalinsu masu kiwo ne, ga shanunsa huɗu ɗaure a gindin itacen. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ni kuwa kamar in yi tsalle. Da na gama bayani na ce, "Baba, da damina fa a bushe na gan shi."

Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Sabon Birni."

Ya ce, "Ɗan Sabon Birni, kuma ba ka san gawo ba? Shi ai da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo. Babu shi a gonar mahaifinka?"

Akwai shi. Na yi shekaru ina noma a ƙarƙashinsa rana tana dukana, ban taɓa ɗaga kai na tambayi inda inuwar ta tafi ba. Kunya ta rufe ni.

Sarewa dai ya ce kada ma in ambata. 'Ya'yan gawon nan su ne abincin shanunsa idan ciyawa ta ƙare, kuma yanzu suka fara fitowa. Na roƙe shi, na ce rassan sama kaɗai, cin abincin mutane da yawa yana rataye a nan. Ya daɗe yana kallon itacen, sannan ya miƙo mini gatari. Ya ce, "Ni ƙafata ta daina hawa. Uku na sama, kada ka ƙara ko ɗaya."

Ina hawa ƙarfe mai tsawon gaske ban taɓa jin tsoro ba, amma gawo ya koya mini hankali. Ƙaya ta ko'ina, ga reshe yana lilo, ga bel ɗina na hawa ƙarfe babu inda zan maƙala shi da kyau. Na sa waya a aljihun gaba, Alhaji yana Gwarzo yana karanta mini sigina. Reshe na farko ya faɗi, ya ce babu canji. Na biyu, ya ce ta ɗan motsa. Na uku ya faɗi, ya ce ta kama amma da kyar, in ƙara ɗaya. Ga na huɗun a gabana, cike da 'ya'ya. Na leƙa ƙasa, dattijon yana kallona. Na sauko ban sare shi ba.

Ranar Alhamis wata Hajiya ce ta jagoranci jami'an, ba ta da yawan magana. Ta auna mita, daidai. Ta auna ƙarfi, daidai. Layi yana aiki, ko da yake da kyar. Har na fara sakin numfashi, sai ta ce in buɗe mata tarihin na'urar. Mako biyun nan yana nan a rubuce, rana bi da rana. Ta ce, "Wa ya ƙara?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Alhaji bai sani ba sai da takardarku ta zo."

Ta kalli hannayena da ƙaya ta yayyage, ta ci gaba da rubutu. Lasisi ya tsira da gargaɗi na ƙarshe, amma da sharaɗin wani injiniya ne zai riƙa sa hannu a takardun kamfanin, ba ni ba. Ya yi mini zafi ƙwarai, har yau ma yana yi.

Da bazara na bi ta gonar. Shanun sun koma uku. Ban tambayi inda ɗayar ta tafi ba, shi ma bai faɗa ba, sai dai ya ce, "Faranti yana gani?"

Na ce, "Yana gani, Baba."